Muryar Tallar Sabulun Nan Tawa Ce

Lamorde, Yamai

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Abijan lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu fuska biyu. Na sa takardar nan a ƙasan akwatinki, cikin shuɗin zanen da na ba ki, don na san ba za ki kai gare shi ba sai kin kwana biyu. Da gangan na yi. Da na miƙa miki ita hannu da hannu, da a gabana za ki buɗe, ni kuwa akwai abin da ke ciki da ba zan iya zama ina kallon fuskarki kina karanta shi ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Tun ranar da kika shigo da takardar ɗaukar aiki kina tsalle, kika ce kamfanin talla ya ɗauke ki, zai tura ki shekara guda ki koyo yadda ake shirya tallar tele, kin lura ban yi murna yadda kike so ba. Na ji ki ta taga kina ce wa yayanki, "Mama ba ta yarda da kowa ba, ko mai garuwa ya kawo ruwa sai ta leƙa ciki." Gaskiya kika faɗa. Amma ba haka aka haife ni ba. Akwai lokacin da in mutum ya yi mini magana mai daɗi, shi ke nan na yarda da shi. Yau zan gaya miki inda na bar wannan halin.

Kina 'yar shekara shida lokacin, ina koyarwa a lakwal ɗin nan ta bayan kasuwa. Ranar rabon kyaututtukan ƙarshen shekara direkta ya ba ni mikro in kira sunayen yara, da Faransanci da Hausa. Da aka tashi, wani mutum ya tsaya jirana a bakin aji. Ya sha shadda, yana ƙamshi, ya ce sunansa Lawali, ana ce masa Mushe Lawali irin kiran Faransanci, ɗan ƙanensa na ajina. Ya ce, "Madam, wannan murya taku asararta ake yi cikin ƙurar alli." Na yi dariya na ce me za a yi da ita in ba koyarwa ba. Ya ce suna da biro, wato ofis, a unguwar Filato, suna shirya talla, kuma suna neman mace mai Hausa tsantsa da za ta karanta tallar wani sabon sabulu a rediyo. Ya ce sabulun iyaye mata ne, na wankan gida. Layi huɗu kawai.

Ki lura da kyau, Balkisa, da yabo ya fara. Bai fara da aikin ba. Ni kuwa shekara goma sha wani abu ina magana gaban yara saba'in, babu wanda ya taɓa ce mini muryata na da daɗi, har babanku. Na taho gida ina jin kaina kamar an ƙara mini tsawo. Da na gaya wa babanku, ya ce, "In dai rediyo ne, ba na ganin laifi." Bai ƙara tambaya ba, don ni ma ban ba shi abin da zai tambaya a kai ba. Duk wanda ya fara yabon wani abu da ke jikinki kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, murya ce, ido ne, tafiya ce, ki sa masa ido. Ba na cewa kowa mugu ne. Cewa nake ki jira ki ji abin da zai biyo bayan yabon.

Ranar Laraba da rana, da yake ba lakwal, na shiga taksi na haye gada. Suka sa ni wani ɗan ɗaki da aka manna wa soso a bango, babu taga sai gilashi ɗaya da Mushe Lawali ke kallona ta cikinsa. Aka ba ni takarda. Har yau ina iya karanto ta da ka, ko da ba na so. Ƙarshenta cewa take, "Laushi ba irin wanda aka saba ba. Taɓa ka ji. Wanda ya taɓa sai ya dawo."

Na karanta sau ɗaya a zuci, wani abu ya tsaya mini. Na ce, "Mushe, in mata ake wa tallar, ai 'taɓa ki ji' ya kamata. Wannan 'ka' ɗin wa ake nufi?"

Ya ce, "Kai, Madam malama! Haka ya fi faɗawa kunne. Ku karanta kawai."

Na karanta da muryar aji. Ya girgiza kai, ya ce na yi ƙarfi da yawa. Na sake. Ya ce in rage sauri, in saukar da murya. A karo na huɗu ya ce, "Kuna da ƙaramin yaro a gida? To ku yi kamar kuna lallashinsa ya yi barci." Sai na rufe ido na tuna ki, yadda nake shafa miki kai in zazzaɓi ya kama ki, na karanta a haka. Ya tafa hannu ya ce shi ke nan, an samu. Ya kawo takarda shafi uku da Faransanci, na duba na farko na ga sunana daidai, na sa hannu. Ni da nake ja wa yara kunne in sun amsa tambaya ba su karanta ta duka ba.

Wannan shi ne kuskurena babba, kuma ba rashin sani ba ne. Na ga "ka" ɗin nan. Zuciyata ta gaya mini. Kunya ce ta hana ni sake tambaya, kada a ce baƙauya ce, ko a ce na cika tsirfa. Ke za ki shiga ɗakuna irin wannan da yawa. In kalma ɗaya ta tsaya miki a maƙogwaro, kada ki haɗiye ta don a ce kina da sauƙin kai. Ki ce a nuna miki hoton da za a ɗora a kan maganar. Ki ce a gaya miki tashar da za a sa, da ƙarfe nawa. In an ce miki ba a gama haɗawa ba, ki ce za ki jira. Wanda ba ya ɓoye komai ba zai ji haushin tambaya ba, wanda kuwa ya mayar da tambayarki abin dariya, to akwai abin da yake rufewa da dariyar.

Sati uku na yi ina murɗa rediyo ban ji kaina ba, har na ɗauka sun fasa.

Lokacin zafi ne, mun fito da tele tsakar gida mun ɗora a kan tebur kamar yadda muka saba. Kakarku Iya, mahaifiyar babanku, ta zo daga Damagaram ganin likitan ido, tana zaune a tabarma da carbinta. An idar da magariba, na kawo tuwo. Matan gidan da ke jikin namu su biyu sun shigo da 'ya'yansu, don su ba su da tele. Babanku na jiran labaru. Sai aka sako talla.

Banɗaki aka nuna, fari tas. Mace ta ba da baya, ba a ganin fuskarta, ruwa na zubo mata, kumfa na gangarawa daga wuyanta har inda bai kamata a bi shi da ido ba, su kuwa suka bi. Ta ɗaura tawul wanda bai rufe komai ba. Sai hannun namiji ya shigo ta gefe ya sauka a kafaɗarta. A daidai nan na ji muryata, a hankali, ƙasa-ƙasa, tana cewa taɓa ka ji.

Ke ce kika fara magana. Kika miƙe da loma a hannu kika ce, "Muryar Mama! Mama ce a tele!"

Babanku ya laluba telekomand don ya kashe tele daga zaune, bai same shi ba, ya tashi da sauri har ya ture kwanon miya, ya fizge waya daga bango. Maƙwabtan nan suka tattara 'ya'yansu, ɗaya ta ce ta bar tukunya a wuta. Iya ba ta gani sosai, amma kunnenta ras yake. Ta juyo inda nake ta ce, "Zainabu, ke ce?"

Na ce, "Muryar tawa ce, Iya."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da jan carbi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe babanku ya gama shirin biro, ya ɗauki makullin babur, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba. Ya ce, "Sau ɗaya zan tambaye ki. Kin san abin da za su ɗora a kai?" Na rantse masa ban sani ba. Ya ce ya yarda. Kuma ya yarda ɗin, ban taɓa jin ya sake tayar da maganar ba. Amma sai da ya tambaya, Balkisa, bayan shekara goma sha biyar muna tare. Ban ga laifinsa ba, ni na kai shi wurin da dole ya tambaya.

Abin da ban hango ba shi ne unguwa. Tunda ba a nuna fuskar matar ba, mutane suka ba ta tawa. Wasu suka ce ai da gani tsawona ne. Wasu suka ce an gan ni ina shiga wani gida a Filato da rana tsaka. In na wuce fadar samarin da ke shan shayi a kwanar gidanmu, sai su yi shiru, in na ba da baya ɗaya ya ce a hankali, "Taɓa ka ji," sauran su fashe. A aji na juya ina rubutu a allo, na ji layin nan daga bencin baya, da muryar yaron da bai kai shekara tara ba. Wani uba ya zo ya ce a sauya wa ɗiyarsa aji. Direkta ya kira ni biro, yana magana yana kallon takardun gabansa, ya ce shi bai zarge ni da komai ba, amma iyaye suna magana.

Kullum kuma sai an sa tallar, kafin labaru da bayan labaru. Ko mun kashe tamu, ina jin kaina ta kan katanga daga gidaje uku.

Na koma Filato ba tare da na gaya wa kowa ba. Mushe Lawali ya tarbe ni da fara'a, ya sa a kawo mini ruwan sanyi, ya ce tallar ta karɓu fiye da yadda suka zata. Na ce masa rediyo ya ce mini. Ya buɗe durowa ya fito da takardar, ya juya shafi na uku, ya ɗora yatsa a wani layi. An rubuta sun mallaki muryar, za su iya amfani da ita ta kowace kafa, da kowane hoto. Ga sa hannuna a ƙasa.

Na ce, "To ko lokacin ku sauya. Ku sa ta in yara sun kwanta."

Ya yi murmushi kamar ina yarinya. Ya ce, "Madam, ai lokacin muka saya, ba tashar ba. Tsakanin magariba da labaru miji na zaune, mata na zaune. In matar ta ga mijinta ya ɗago kai daga tuwo, gobe da kanta za ta je kanti."

Na ce, "Yaran fa?"

Ya ce, "Yara ai su ke haddace mana su kai ko'ina."

Na ce, "Naka 'ya'yan sun gani?"

Nan ne kawai fuskarsa ta sauya. Ya ce, "A gidana ba a kunna tele a lokacin nan. Malami ke zuwa yi musu karatu."

Na fito ban sha ruwan ba. Na je tashar ma, suka ce su an kawo musu ne a shirye, sai wa'adin ya cika. Kowa ya tura ni wurin wani.

Ki riƙe maganar mutumin nan, don bai yi mini ƙarya ba a ranar. Babu tallar da ke faɗowa a lokacin cin tuwo bisa kuskure. An zauna an zaɓi lokacin, an san akwai kaka a tabarma, an san akwai uba da ɗiyarsa budurwa a wuri ɗaya, an san babu mai iya tashi da sauri. Nan gaba ke za ki zauna a teburin da ake wannan zaɓin. Za su kawo miki kalmomi masu santsi, su ce zamani ne, su ce haka kasuwa ke so, su ce a Abijan wannan ba komai ba ne. Ki tambayi wanda ya fi kowa zaƙewa ko zai zauna da uwarsa da 'ya'yansa su kalla tare. Ki dubi fuskarsa kafin ya amsa, amsar tana can.

Wadda ta kashe maganar unguwa kuwa Iya ce, wadda na fi tsoro. An yi suna a unguwar Kirkisoy gidan wani abokin aikin babanku, muka je tare ina riƙe da hannunta. Muna zaune cikin mata, wata ta ce da ƙarfi, wai tana tambayar ta kusa da ita, ko wane sabulu Madam ke wanka da shi. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Iya ta ajiye kofin kunu ta ce, "Wace ce ta yi magana? Ba na gani, matso." Ba wadda ta matso. Ta ce, "Haihuwa uku ni na yi wa yarinyar nan wankan jego da hannuna. Na san bayanta fiye da yadda kuka san naku. Wanda aka nuna ba shi ba ne. Mai sauran magana ta zo Lamorde ta same ni." Tun daga ranar abin ya fara lafawa.

A taksi muna dawowa na ce, "Na gode, Iya." Ta ce, "Kada ki gode mini. Ƙaryar da suka yi miki na kore. Amma ke malama ce, aka ba ki takarda kika sa hannu ba ki karanta ba. Wannan kuma naki ne." Allah ya jiƙanta. Wata uku aka yi ana sa tallar, daga baya suka sauya murya. Ƙarshen shekara na nemi a mayar da ni wata lakwal a Kirkisoy, na ce muku don ta fi kusa da gidan gwaggonku ne. Ba shi ne dalili ba.

Yanzu ga kuskure na biyu, wanda ya fi ci mini rai, don ke na yi wa.

Cikin kwanakin nan ne, wata safiya ina miki wanka a baho. Kika ɗebi kumfa kika shafa a kafaɗa, kika karkata kai, kika ce "taɓa ka ji" da irin muryata sak. Sai kika ɗago kika ce, "Mama, me ya sa mutumin ya taɓa ta tana wanka?" Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na mare ki, da jiƙaƙƙen hannu, har shatin yatsuna ya fito. Ba ki yi kuka nan take ba, kallona kika yi. Ban sani ba ko kina tuna wannan. Ni ban manta ba.

Tambaya ce mai kyau kika yi. Da na ce miki, "Bai kamata ya taɓa ta ba, kuma bai kamata a nuna mana ba, masu son a sayi sabulunsu ne suka shirya haka," da kin gane, don ke yarinya ce mai kai. Haushin kaina na sauke a kuncinki. Daga ranar ba ki sake tambayata komai da ya shafi jiki ba. Ko lokacin da kika fara girma, wurin gwaggonki kika je, ita ta zo ta gaya mini.

Na zama mai gadin telekomand, kin san wannan. Yana ɗaure a bakin zanena. Da an sako talla sai in kashe sauti in sauya tasha, ko ta shinkafa ce. Na ɗauka tsare ku nake yi. Ashe in na tafi kasuwa gidan maƙwabta kuke zuwa ku kalli duk abin da na hana, ba kuma mai ce muku wannan ƙarya ne, wannan dabara ce. Kina aji na biyu a kolej na sami kwalbar man bilicin a jakarki, a naɗe cikin rigar wasanni. Da na matsa miki, kika ce kin gani a tele, wai wadda ta shafa ita ake juyowa a kalla. Na kwashe shekaru ina kashe tele, ban taɓa zama na kalli talla ɗaya tare da ke na warware miki yadda aka ƙulla ta ba, alhali duk unguwar babu wanda ya san yadda ake ƙulla ta kamar ni. Kunyar kada ki gane muryar ce ta rufe mini baki.

In Allah ya ba ki naki, kada ki bi hanyata. Ki kashe abin da ya kamata a kashe, amma ki faɗi dalili. In yaro ya tambaye ki abin da ya ba ki kunya, ki haɗiye kunyar ki amsa daidai hankalinsa. In ba ki amsa ba akwai mai amsa masa a waje, kuma ba za ki zaɓi ko wane ne ba.

Abin yanzu ma ya wuce na lokacinmu. Makon jiya ke da kanki kin ga yadda babanku ya tashi ya shiga ɗaki da aka sako mai maganin maza ana gama kiran magariba, yana lissafa abubuwan da ko a ɗakin likita sai an rufe ƙofa. Tallar katifa sai da mace a kwance tana miƙa. Tallar turare, tallar lemo, har tallar taya. Jikan maƙwabciyarmu ɗan shekara huɗu yana rera ɗaya a bakin famfo, uwarsa na dariya. Ni ba na dariya, don na san akwai wata a wani wuri da aka ce mata layi huɗu ne kawai.

Ban hana ki aikin nan ba, kuma ba zan hana ki ba. Babanku ya ce in masu kunya duka suka guje shi, wa za a bar wa? Ya yi gaskiya. Tallar gidan sauro da ta rigakafi ma mutane ne suka shirya su, kuma sun yi amfani. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai abubuwan da ban gamsu da su ba a kamfanin nan naku. Me ya sa suka ce ki haɗa da hotonki na tsaye, tunda aikin rubutu suka ɗauke ki? Me ya sa shugaban naku yake kiranki da kansa, ran Lahadi, alhali yana da sakatariya? Kin ce haka yake yi wa kowa. Wataƙila. Ki bincika ko har da mazan.

Kuma na karanta kwantaraginki. Kina wanka na ɗauko takardar daga jakarki, shafi bakwai, na karanta har ƙananan rubutun ƙasa. Ki duba shafi na shida, za ki ga ɗan ɗigo da fensir a gefe. Layin yana magana a kan hoto da muryar ma'aikaci. Ba irin nawa ba ne sak, sun ce sai da amincewarki a rubuce. To kada ki ba da amincewar nan a tsaye, ko a cikin mota, ko ana dariya. In an ce wadda za ta yi tallar ba ta zo ba, ki taimaka ki tsaya gaban kamara minti biyu don gwaji kawai, ki ce a'a. Abin da aka ɗauka ya fita hannunki, ko an ce za a goge. Duk takardar da aka ba ki, ki ce za ki kwana da ita. Ki ɗauki hotonta ki turo mini in kin ga dama, yanzu ba ni da aikin da ya wuce karatu.

Saura abu ɗaya, shi ma sai na faɗa tunda na fara. Ranar Talatar da kika je karɓar tikitin jirgi, na ce miki zan je dubiya asibiti. Ban je ba. Na bi bayanki a wata taksi har Filato. Na zauna a tsallaken titi wurin wata mai gyaɗa a gindin itacen bedi, na ja mayafi, na yi awa biyu ina kallon ƙofar biron naku. Ina so in ga irin mutanen da ke shiga, da irin tufafin matan, da ko akwai ƙofar baya. Mai gyaɗar har ta tambaye ni da Zabarmanci ko mijina nake gadi.

Ban ga komai ba. Mutane ne da takardu, wani tsoho mai gadi yana alwala, wata mai ciki ta fito tana waya. Can kika fito ke kaɗai, kina duba ambulan ɗin hannunki kina murmushi, kika gaida mai gadin har da rusunawa. Na sunkuyar da kai na ɓuya a bayan tiren gyaɗa, mace mai shekara hamsin da ɗoriya tana ɓoye wa ɗiyar da ta haifa. A nan na gane zargin nan ya kai ni inda bai kamata ba. Rashin ganin komai bai kwantar mini da hankali gaba ɗaya ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ke ban taɓa zarginki ba, wannan ina so ki sani.

Sai dai ina da zato ɗaya a kanki. Da kika dawo gida da la'asar, kin ajiye mini ƙullin gyaɗa a kan tabarmar salla, mai gishiri, a irin farar ledar matar nan, kika wuce ɗaki ba ki ce komai ba. Ke kuwa ba ki taɓa sayo mini gyaɗa ba. In kin gan ni, na gode da kika bar ni da mutuncina. Kada ki gaya mini ko wanne ne.

Ki yafe mini marin nan, da shirun da ya biyo bayansa. Ki riƙe salla a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki gaida mutanen masaukinki, ki ce mun gode. Allah ya tsare miki idonki da kunnenki da sunanki, ya sa abin da za ki rubuta ya zama wanda za a ji a kowace tsakar gida ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba. Allah ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya, ya yi miki albarka duniya da lahira. Amin.

Mahaifiyarki,
Zainabu